Aron Suna Don Jar Mota

Waɗanda suka cika mini ƙasan rubutu da zagi a makon jiya, masu cewa Jucilene marowaciya ce, Jucilene ba ta san so ba, sannunku da aiki. Na karanta duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na son saurayina Deivison in tura mata lambarsa. Ki ɗan dakata 'yar uwa, ki karanta na yau tukuna. In kin gama kina so har yanzu, zan haɗa miki da lambar uwarsa.

Sabbin zuwa kuma, ni ce Jucilene, a gida Juci. Shekarata ashirin da bakwai, ina tsayuwa bayan kanta a wani kantin magani a nan garin Contagem. Ba ni da kyan da zai sa direba ya taka burki, ba ni da gado, ba ni da digiri. Abu ɗaya na mallaka a duniya, shi ne sunana tsaf yake, ba banki ko shagon da ke bi na ko sisi. Duk inda aka buga lambata a kwamfuta sai ka ga mai shago ya saki fuska ya jawo mini kujera. A layinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in ka cire ni da Fada na cocinmu, kusan kowa sunansa ya yi datti. Wani firiji ya ɗauka bai gama biya ba, wani waya, wani kuma bikin 'yarsa ne ya kai shi ya baro.

Da wannan sunan nake neman gida. Ɗaki biyu da falo a bene na uku, cikin wasu gidaje da ake ginawa a hanyar Betim. Na yi shekaru ina hana kaina takalmi da man gashi ina tara kuɗin kafin alƙalami, na kai takarduna wajen Rosimeire, dillaliyar gidajen. Ranar da na kai, sai da ta kama hannuna ta ce, "Yarinya, daga yau har banki ya amince, ko cokali kada ki ɗauka bashi. Suna ganin sabon bashi za su ce ba za ki iya ɗaukar biyu ba, shi ke nan gida ya wuce ki."

To, ana cikin wannan jiran ne Deivison ya haɗu da Barkono.

Deivison saurayina ne na shekara biyu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau, yana da ƙamshi, kuma bakinsa in ya buɗe shi ko dutse sai ya yi laushi. Tun zuwansa na farko gidanmu ya gyara wa Mama fankar da ta shekara tana kuka, ya ci wake da shinkafarta ya nemi ƙari, ya ce tun da aka haife shi bai ci irinsa ba. Daga ranar Dona Zulmira (Dona a nan kamar Malama ne), uwata da ta haife ni, ta koma tamkar ita ta haife shi ni kuma aro ta yi. Sunansa kuwa ya daɗe da yin datti, tun wani babur da ya ɗauka da wasu manyan sifiku da ya ce zai riƙa ba da haya a gidan biki.

Wata Asabar ya zo ya ce in shirya zai nuna mini wani abu. Na sa wandon jins ɗina mai kyau da farar riga, har da jan baki, don zuciyata ta raya mini wajen masu zobe za mu. Sai ga mu a garejin wani tsoho, Seu Tonico, can bayan kasuwa. Tsohon ya yaye wani tamfol mai ƙura, Deivison ya dafe ƙirji kamar an nuna masa jaririnsa.

Mota ce mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajera har cikinta na neman taɓa ƙasa. Fitilunta a ɓoye suke, sai an kunna su ɗago kamar idon kwaɗo. An ce ja ce, amma rana ta cinye jan ya koma na busasshen tattasai. Fatar kujerun ta tsage, cikin yana warin ɓera da tsohon mai. Da na tambayi shekarar da aka ƙera ta, sai na ga ta girme ni.

"Juju, dube ta," ya ce, yana shafa bayanta. "Tun ina yaro hotonta ke manne a bangon ɗakina. Na sa mata suna ma, Barkono."

"Sannu da suna. Tana tashi?"

Seu Tonico ya ji haushi ya murza makulli. Ta yi tari, ta sake tari, sannan ta saki wani ruri da ya sa karnukan layin suka ɗauki haushi. Deivison ya rufe ido yana murmushi. Wallahi ban taɓa ganin ya yi mini wannan fuskar ba.

"Nawa ce?"

"Reais dubu arba'in da biyar, 'yata," in ji tsohon. "Ta ɗana ce, ya tafi Portugal ya bar mini. Irin wannan ba ta faɗuwa, kullum hawa take yi."

"In hawa take yi, Baba, me ya sa kake sayarwa?"

Deivison ya taka mini ƙafa.

A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mini ruwan rake mai sanyi, daga nan na san akwai magana. Ya ce ya je banki, sun ce ba sa ba da bashin mota a kan motar da ta tsufa haka, don in an kasa biya ba abin da za su ƙwace su sayar. Sai dai mutum ya ci bashin tsabar kuɗi da sunansa, mai kuɗin ruwa kamar za su cire maka haƙori. Shi kuma ko gaisuwarsa ba sa amsawa.

"Aron suna kawai za ki ba ni, Juju. Ko sisi ba zai fita daga jakarki ba. Ni zan biya duk wata, na rantse da ran uwata."

"Ka bar ran uwarka ya huta. Gidana fa?"

"Gidan namu dai. Ai gida ba gudu yake yi ba. Barkono kuwa akwai wani daga São Paulo da ke zawarcinta."

"To ya aure ta."

Na ajiye masa kofin raken ban ƙarasa ba, na hau bas.

Ban kai gida ba saƙonninsa suka fara shigowa. "Ban zaci haka kike ba." Can kuma, "Macen da ba ta yarda da ni a kan takarda ba, ta yaya za ta yarda da ni a gaban Fada?" Can kuma hoton motar, ya zana mata zuciya. Na rubuta masa, "Ina son ka, amma sunana ba na aro ba ne." Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba.

Na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Mama na zaune a kicin tana tsince wake, ta ɗaure kai da ɗankwalin da take ɗaurawa in hawan jininta ya motsa. Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

"Yaron nan ya kira ni yana kuka."

"Kuka? Da hawaye?"

"Kada ki yi mini rashin kunya, Jucilene. Namiji ya buɗe baki ya roƙe ki abu, kin tsinka shi a gaban mai sayar da rake."

"Mama, kin manta Baba?"

Ta san abin da nake nufi. Babana direban bas ne, mutumin da ko burodi bai taɓa ci bashi ba. Ƙaninsa ya zo ya yi masa irin wannan kukan, ya ari sunansa ya ɗauki motar ɗaukar kaya, ya biya na 'yan watanni, ya sayar da motar ya gudu kudu. Baba ya mutu da dattin suna. Akwatin gawarsa ma da sunan maƙwabciyarmu aka karɓo shi bashi, ina tsaye a shagon ina ji mai akwatin yana ce wa Mama, "Ki yi haƙuri Dona, sunan gidanku ba ya wucewa." A ranar na yi wa kaina alkawarin da har yau nake riƙe da shi.

"Wancan ƙanin miji ne," in ji Mama, "wannan kuwa mijinki ne."

"Tukuna dai."

"Da wannan halin ai sai dai tukuna har abada. Ƙawayenki duk sun yi aure, 'yar Dona Lurdes da kika girma ma tana da ciki na biyu. Ke kina nan rungume da suna. Sunan ne zai kai ki asibiti ranar da ba ni? Ki shiga bene na uku ki kulle ƙofa, ke da sunanki ku yi ta hira."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na wanke fuska na dafa mana shinkafa. Amma ban canja ba. Wannan ne abin da na ba ku labari a makon jiya kuka yi mini ca. Abin da ban faɗa muku ba shi ne abin da ya biyo baya, don ni kaina ban gane shi ba sai ranar Lahadin nan da ta wuce.

Bayan kamar mako guda na fushi, sai komai ya lafa lokaci ɗaya. Deivison ya dawo da "Juju zuciyata, kin ci abinci?" kamar ba a yi ba. Maganar mota ta mutu. Mama ta daina ɗaure kai, har waƙoƙin coci take yi tana shanya. Wata Talata na dawo cin abincin rana na tarar ba ta nan, can sai ga ta da rigarta shuɗiya mai maɓallan lu'ulu'u, wadda ba ta sawa sai ranar baftisma ko jana'iza, da jaka a hammata.

"Daga ina haka, kin sha ado?"

"Asibiti na je awon jini."

"Da rigar baftisma?"

"Yanzu kuma rigar da zan sa sai na nemi izininki?"

Na ƙyale ta. Ni da na ɗauka na ci nasara, har wani daɗi nake ji ina cewa ashe in mace ta tsaya da ƙafarta kowa sai ya bi. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Wata ya wuce, wani ya kama. Na lura nama ya ɓace daga tukunyarmu, sai ƙwai, yau soyayye gobe dafaffe. Mama ta ce likita ne ya hana ta jan nama. Ruwan kofi ya koma tsararo. Sannan wata safiya ina neman almakashi a durowar gefen gadonta na ga ƙwayoyin hawan jininta a cikin ɗan faranti, duk an raba su biyu da wuƙa. Na fito da farantin a hannu.

"Mama, wa ya ce ki riƙa shan rabi?"

"Guda tana sa ni jiri."

"Shekara nawa kina shan guda ba jiri?"

"To yanzu ta fara."

Na yi mata faɗa, na kawo mata sabon kwali daga kanti a kan albashina, na bar maganar a matsayin rigimar tsufa. Fanshon Baba shi ke biyan hayar gidan nan da maganinta da cefane tun rasuwarsa, kuma yana isa, shi ya sa ma nake iya tara nawa. Ko a mafarki ban kawo cewa wani abu ya taɓa shi ba.

Ranar Juma'a ina bayan kanta wayata ta yi ƙara. Rosimeire ce. "Yarinya, zauna kafin ki karanta. Banki ya amince! Litinin da safe ki zo da kuɗin ki sa hannu." Na shiga bayan kwalayen magani na durƙusa na gode wa Allah, na yi kuka har mai kantin ya zaci mutuwa aka yi mini. Na yanke shawarar ba zan faɗa wa kowa ba sai ranar Lahadi a kan tebur, tunda Mama ta ce ta gayyaci Deivison da uwarsa cin abincin rana. Har na tsara yadda zan miƙe in buga cokali a jikin kofi.

Lahadi na tashi na tarar Mama ta goge mini rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni ta rataye a ƙofa, ba tare da na roƙa ba. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai leshi da ba ya fitowa sai Kirsimeti. Kaza da kuɓewa na tafasa a tukunya, ga tuwon masara mai laushi, ga wake, ga ganye soyayye da tafarnuwa, ga alawar gwaiba da cuku a firiji. Bayan wata biyu na ƙwai, ƙamshin kazar har jiri ya sa ni.

"Ki sa ɗan kunnen nan na zinare," ta ce. "Ki gyara farcenki kuma."

Na gyara. Na zaci na san dalili, na kuma ce a raina to, in zoben ne ya zo, ga gida ga miji, yau Dona Zulmira za ta yi barci.

Muna jera faranti muka ji rurin. Tun daga kwanar layi yake tahowa, gilashin tagarmu na rawa, karnuka na haushi. Cokulan da ke hannuna suka zube. Na fita ƙofa na ga duk layin ya fito, maza da gwangwanin giya a hannu, mata da tsumman kicin a kafaɗa. Ga Barkono tana tafe a hankali, an yi mata sabon fenti ja wur tana ɗaukar ido, fitilun nan suna ɗagowa suna komawa. A bakin ƙofarmu cikinta ya gogi tudun rage gudu ya yi ƙara, maza suka yi "wayyo" gaba ɗaya kamar su aka goga.

Deivison ya fito da baƙin tabarau da farar riga a buɗe har ƙirji. Ya zagaya ya jawo uwarsa, Dona Odete, don motar ta yi ƙasa da yawa ba ta iya miƙewa da kanta. Ta fito tana gyara siket, gashi ya sha jan rini, takalmi ruwan gwal, tana ɗaga wa mutanen layi hannu.

Na ja shi gefe. "A ina ka samu kuɗi?"

"Allah ya haɗa ni da mai imani, Juju. Ba kowa ne zuciyarsa ke kulle ba."

"Wane ne?"

"Mu ci abinci tukuna mana."

Aka zauna. Mama na zuba wa kowa, tana ta dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Dona Odete ta cika baki da kaza, ta lumshe ido, ta nuna Mama da ƙashi.

"Zulmira, ke kam uwa ce. Na faɗa a wajen gyaran gashi, na faɗa a coci. A zamanin nan wace suruka ce za ta je banki ta ci bashi a kan fanshonta don yaro ya cika burinsa? Shekara bakwai za a yi ana yankan fanshonki, ko gezau ba ki yi ba."

"Mama!" in ji Deivison. "Ci abincinki."

"Me? Abin alheri ne, a faɗa."

Na ajiye cokali. Kun san irin bashin, wanda banki ke ba tsofaffi da fara'a har da kofi, don ba sai sun bi kowa ba, suna yanke nasu tun kafin fansho ya shigo hannu. Wannan ba ya duba shekarun mota, ba ya tambayar me za ka saya. Nan take rigar baftisma da ƙwai da rabin ƙwaya suka jeru a gabana. Na juya ga Mama.

"Mama, gaskiya ne?"

Ta ci gaba da juya ludayi a tukunyar da ba ta buƙatar juyi. "Kuɗina ne. Na mijina ne."

"Nawa suke yanka?"

"Abin da ba zai kashe ni ba."

"Kina raba ƙwayar hawan jini da wuƙa, kina ce mini ba zai kashe ki ba?"

Sai ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga murya. "Ke kika ƙi! Na ga yaro zai tafi, na ga za ki zauna mini a gida har ki yi furfura. Ai ba mota na saya ba, zamanki na gyara. Kuma ba asara aka yi ba, shi zai riƙa ba ni kuɗin duk wata, motar kuma da sunanki za a yi mata takarda. Ko yau aka sayar kuɗinmu na nan. Faɗa mata, ɗana."

Deivison ya kai kofi baki, ya sha ruwan da babu a ciki.

Dona Odete ta yi dariya har tana dukan tebur. "Sunan wa? Haba Zulmira, ai da sunana aka yi. Ni na je ofishin rajista na sa hannu da kaina. Ku ji fa, a tsufana, ni da ko keke ban iya ba, yau ni ce mai motar tsere!"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Mama, miyar kuɓewa ta fantsama a kan farin leshin Kirsimeti. Ba ta ko duba ba. Shi take kallo. Da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba ta ce, "Deivison, ba sunan Juci ka ce mini ba?"

"Mama Zulmira, ai duk ɗaya ne, gida ɗaya za mu zama. Da sunana ba zai yiwu ba, masu bi na za su ƙwace. Juju kuma sai ta sa hannu, kin san halinta. Daga baya a canja."

"Kuɗin watan da ya wuce fa?" na ce. "Ka kawo mata?"

"Fenti ya ci kuɗi, Juju. Ga tayoyi. Wata mai zuwa zan haɗa biyu."

Ban san lokacin da na yi dariya ba, irin mai ɗacin nan. Bashi a wuyan uwata, mota a hannun uwarsa, shi kuma nasa tuƙi da tabarau. Kuma ni ce marowaciya.

Da ya ga wuri ya ɓaci, sai ya yi abin da ya zo yi. Ya ture kujera, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a gabana, ya ciro ɗan akwati daga aljihu. Maƙwabtan da ke leƙe ta taga suka fara shewa, wata ta ɗaga waya tana ɗauka. Dona Odete ta haɗa hannu a ƙirji.

"Jucilene, gimbiyata, za ki aure ni?"

Na dubi zoben. Siriri ne, mai ɗan dutse, kuma abin da ya fara zuwa raina shi ne da sunan wa aka ɗauko shi. Shekara biyu ina jiran wannan tambayar, na sha kwatanta yadda zan amsa a gaban madubi. Yau ga ta, ga shi a durƙushe, zuciyata kuwa ba komai a cikinta sai ɗaci.

Na miƙa hannu. Aka yi tafi. Hannun ya wuce zoben, ya sauka a gefen farantinsa inda ya ajiye makullin motar don kowa ya gani. Na damƙe shi na miƙe.

"Juju! Ke ko tuƙi ba ki iya ba!"

"Ba tuƙi zan yi ba."

Na ratsa mutane na fita, na buɗe Barkono, na shige na danna makullan ƙofofin biyu. Cikin yana ƙamshin turarensa, ƙarƙashin turaren kuma warin ɓeran na nan. Ya biyo ni yana buga gilashi a hankali, don ko a lokacin ba ya son ya ji mata ciwo.

"Fito mu yi magana kamar manya."

"Motar nan ba ta barin ƙofar gidan nan sai takardarta ta koma sunan wadda ake yanka wa fansho."

"Motata ce!" Dona Odete ke nan daga bakin ƙofa, da ƙashin kaza a hannu har yanzu. "Ina da takarda! In kira 'yan sanda yanzu su fito da ke kamar ɓarauniya!"

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. In 'yan sanda sun zo takarda za su duba, ba rabin ƙwaya ba. Na san haka, ita ma ta sani, duk layin sun sani. Ina zaune cikin rigata ruwan ɗorawa, gumi na bin bayana, riƙe da makullin abin da ba namu ba, kuma ko an bar mana shi, ban ga wanda zai biya abin da aka biya ba sai wani mahaukacin irin Deivison.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Rosimeire. "Gobe da safe fa, mai sabon gida! Kada ki manta da kuɗin." Ta haɗa da hoton ɗan makulli da zuciya. Sai a lokacin na tuna ban ma buga cokalin a jikin kofi ba.

Na ɗago na ga mutane suna darewa. Mama ce ke tahowa, da tsumman kicin a hannu, miya a gaban rigarta, tana jan silifa kamar an ƙara mata shekara goma tsakanin kicin da titi. Deivison ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ba ta ko dube shi ba, ya ja da baya. Ta sunkuya daidai taga. Na murɗa gilashin ya sauka kaɗan, mariƙin ya cire a hannuna.

Na shirya jin faɗa. Na shirya ta ce in fito kada in kunyata ta a gaban baƙi, har na tanadi amsa. Amma ba ta yi faɗa ba. Ta kalli cikin motar, kujeru da sitiyari, kamar mai son ganin abin da ta saya sau ɗaya. Sannan ta matso da bakinta kusa da tsagar gilashin yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Mai gidan da muke ciki ya ce in haya ta sake yin latti mu nemi wani wuri," ta ce. "A banki kuma sun ce in mutum ya kawo kuɗi a dunƙule suna rage yankan." Sannan ta ƙara rage murya. "Juci, 'yata. Kuɗin gidan nan naki, ba ki kai musu ba tukuna, ko?"

Wayar na haske a cinyata, ɗan makullin Rosimeire na kallona. Na kife ta.

"Ban kai ba, Mama," na ce. "Yana nan."